Furen Lale da Faɗuwar Sarki Ahmad Na Uku



'Yan uwa matasa, a karkarar Dutse da ruwan farko ya sauka sai ka ga albasar kwaɗi ta fasa ƙasa ta yi fure, bayan ta shafe rani a binne. Tana da takwara a duwatsun tsakiyar Asiya, wani ɗan gajeren fure da Turkawa ke kira lale, Turawa kuma tulif. Shi ma daga albasa yake tsirowa, sai dai ba ya fure sai ya sha sanyin hunturu mai ƙanƙara, shi ya sa ba ya yi a ƙasarmu.

Turkawan Daular Usmaniyya sun girmama shi saboda haruffan sunansa a rubutun Larabci, wato lam biyu da alif da ha, su ne haruffan sunan Allah, kuma a hisabi duka biyun 66 suke bayarwa. Don haka suka zana shi a bangon masallatai, irin su masallacin Rustam Fasha na Istanbul.

A zamanin Sarki Ahmad na Uku da wazirinsa Ibrahim Fasha, daga 1718 zuwa 1730, lamarin ya sauya. Manya suka shiga gasar lambuna da liyafa, albasar fure ta yi tsada har hukuma ta ƙayyade farashinta. Ana cikin haka haraji ya yi wa talakawa nauyi, Farisawa suka ƙwace birnin Tabriz. A 1730 wani tsohon soja, Faturona Halil, ya jagoranci bore, aka kashe waziri, aka tuɓe sarki.

Adalci shi ne a faɗi cewa a wannan zamanin ne Ibrahim Mutafarrika ya sami izinin kafa maɗaba'a a 1727, kuma masana tarihi na ganin an zuzuta labarin sharholiyar. Duk da haka darasin bai ɓuya ba. Furen da aka dasa domin tuna Mahalicci ya koma abin alfahari, alhali Suratul A'arafi ta halatta ado, ta kuma hana israfi. Mu duba namu, daga waya zuwa kayan lefe, mu ga wanne ne ya bi wannan hanya.

Allah Ya tsare mu da almubazzaranci, amin. Wassalam.