Dokokin Kare Kayan Gado Cikin Yaƙi da Zaman Lafiya: Darasin Tambutu da Bura

Gabatarwa

Kowace al'umma tana da abubuwan da ta gada daga magabata waɗanda in sun salwanta babu mai iya mayar da su: masallatai da fadoji, littattafan da aka rubuta da hannu, sassaƙe-sassaƙe, da tukwanen da ke binne cikin tsoffin kufai. Masana shari'a sun haɗa su duka da suna ɗaya, watau kayan gado na al'ada. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin dokokin da ƙasashe suka ƙulla don kare su, sa'an nan a auna dokokin da abubuwa biyu da suka auku a yankinmu: rushe hubbarorin Tambutu cikin yaƙi, da wawushe maƙabartar Bura cikin zaman lafiya. Za mu ga cewa kusan kowace doka bayan asara aka rubuta ta, kuma ƙarfinta kaɗan ne a kan abin da ba a riga aka ƙidaya aka rubuta ba.

1. Mafarin dokokin

A zamanin da, dukiyar garin da aka ci da yaƙi ganima ce. Sojojin Napoleon sun kwashe zane-zane da gumaka daga Italiya zuwa Paris, amma da ya faɗi a 1815 aka tilasta wa Faransa ta mayar da wasu da dama daga cikinsu. Daga nan ra'ayi ya fara kafuwa a Turai cewa irin waɗannan kaya ba na wanda ya yi nasara ba ne. An zana wannan ƙa'ida a taron Burusel na 1874, daga baya ta zama doka cikin yarjejeniyoyin birnin Lahay na ƙasar Holan, na 1899 da 1907. Aya ta 27 ta ƙa'idojin 1907 ta umurci mayaƙa su kauce wa wuraren ibada da na ilimi da gine-ginen tarihi, muddin ba a mai da su sansanin soja ba. Aya ta 56 kuma ta hana ƙwace su ko lalata su da gangan.

Sai dai Turawa tsakaninsu kaɗai suka yi nufin aiki da ita. A daidai shekarun nan ne Kanar Archinard ya ci Segu a 1890, ya kwashe littattafan gidan Alhaji Umaru Tal, mujalladi fiye da 500, aka kai su babban ɗakin karatu na Paris. A 1892 sojojin Dodds suka kwashe kayan fadar Abome, a 1897 kuma Ingilishi suka wawushe fadar birnin Benin. Sai a 2021, bayan shekara 129, Faransa ta mayar da kaya 26 daga cikin na Abome.

2. Yarjejeniyar 1954

Ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu, irin su rushe birnin Warso da sace dukiyar gidajen tarihi da ƴan Nazi suka yi, ita ta sa Unesko ta kira taro a Lahay. Ran 14 ga Mayu 1954 aka sa hannu kan yarjejeniya ta farko da ta keɓanta ga kare kayan al'ada lokacin yaƙi, ta fara aiki a 1956. Ta ɗora wa ƙasashe nauyi biyu. Na farko, su shirya kariya tun ana zaman lafiya. Na biyu, in yaƙi ya ɓarke kada su kai wa kayan hari, kada kuma su girke soja a jikinsu. Ta kuma fito da alamar garkuwa mai launin shuɗi da fari da ake liƙawa a gine-gine.

Amma an bar wata kafa: kwamandan soja yana iya ƙetare hanin in ya ce larurar yaƙi ta matsa masa. Sai da aka yi wa Dubrobnik ruwan wuta a 1991, aka ƙone ɗakin karatun Sarayebo a 1992, aka karya gadar Mostar a 1993, kana aka ƙara yarjejeniya ta 1999 wadda ta ƙuntata wannan uzuri. Kafin nan, a 1998, dokar Roma da ta kafa Kotun Duniya ta Manyan Laifuffuka ta lissafa kai hari da gangan kan wuraren ibada da na tarihi cikin laifuffukan yaƙi, ko da yaƙin na cikin gida ne.

3. Shari'ar Tambutu

A ƙasar Mali aka gwada wannan doka. Tun 1988 Tambutu ke cikin jerin wuraren gadon duniya, saboda masallatanta uku, Jingarayber da Sankore da Sidi Yahaya, da hubbarorin waliyyai 16. A watan Afirilu 2012 ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, ciki har da Ansar Dine, suka kama garin. Ran 28 ga Yuni Unesko ta sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari. Bayan kwana biyu aka fara sara hubbarorin da gatura da digogi.

Mali ta kai ƙara Kotun Duniya. A watan Satumba 2015 hukumomin Nijar suka miƙa wa kotun Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, wanda ya shugabanci hisbar garin. Ya amsa laifinsa, ran 27 ga Satumba 2016 aka yanke masa ɗaurin shekara 9 saboda rushe hubbare 9 da ƙofar masallacin Sidi Yahaya. Shi ne mutum na farko da kotun ta hukunta kan lalata kayan gado kawai. A 2017 ta ƙiyasta diyyar ɓarnar kan yuro miliyan 2.7, akasari don mutanen garin.

Hukuncin babban mataki ne, amma bayan shekara huɗu ya zo. Abin da ya tsira, mutane ne suka tsirar da shi. Magina ƴan gado na garin su suka sake gina hubbarorin tsakanin 2014 da 2015, da sanin da suka gada da kuma hotuna da awon da aka ajiye tun da farko. Haka nan, ko da yake an ƙone ko an sace littattafai kimanin 4,200 a Cibiyar Ahmad Baba a Janairu 2013, iyalai masu ɗakunan karatu sun riga sun fitar da dubban ɗaruruwa zuwa Bamako cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwale-kwale.

4. Yarjejeniyar 1970 da maƙabartar Bura

Asarar zaman lafiya ba ta da ƙara kamar ta yaƙi, amma takan fi ta yawa. Ƙasashen da suka sami ƴancin kai ne suka matsa har Unesko ta amince da yarjejeniyar 14 ga Nuwamba 1970 mai hana fataucin kayan al'ada ta ɓarauniyar hanya, kuma Nijar na cikin waɗanda suka shige ta. Tana da rauni uku. Ba ta waiwayar abin da aka kwashe kafin ta fara aiki. Ƙasashen da kasuwar take sun yi jinkirin shiga: Faransa sai 1997, Ingila sai 2002. Sa'an nan aya ta 7 ta wajabta mayar da kayan da aka sace ne in suna rubuce cikin rajistar gidan tarihi ko wurin da aka ɗauke su. Abin da aka tono daga ƙasa da dare kuwa ba ya cikin rajistar kowa.

Bura, a yankin Tera, yamma da kogin Kwara, ta nuna illar wannan giɓi. An gano wurin bisa katari a 1975. A 1983 Bube Gado na Cibiyar Binciken Ilimin Ɗan Adam ta Yamai ya yi haƙa a can, ya tarar da ɗaruruwan tulunan binne matattu, wasu da kawunan mutane na yumɓu, har da mahayin doki, aikin mutanen da suka rayu tun wajen ƙarni na 3. Da aka baje kolin kayan kwarin Kwara a Paris a 1993, dillalai suka san darajarsu, aka shiga tone kufai ana sayarwa da arha. Nijar ta kafa doka mai lamba 97-022 ran 30 ga Yuni 1997 don kare kayan gadonta, a 2000 kuma majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jan jerin abubuwan da ake gargaɗi kada a saya. Ihu ne bayan hari. Tulun da aka raba da mazauninsa, ko an dawo da shi, ba ya iya faɗa wa mai bincike shekarunsa ko wanda aka binne tare da shi.

Kammalawa

A watan Satumba 2025 Mali da Burkina Faso da Nijar suka ba da sanarwar ficewa daga Kotun Duniya, abin da ya ƙara wa dokokin gida da kotunan gida nauyi. Tarihin da muka bi ya nuna ayyuka biyu da ke jiranmu. Na ɗaya shi ne ƙidaya: baya ga dubban littattafan da ke ajiye a cibiyar Yamai, akwai wasu na Larabci da ajami a zaurukan malamai a Damagaram da Agadas da Tawa da Sayi, waɗanda babu takardar da za ta shaida su in sun ɓata. Na biyu shi ne yaɗa dokar. Aya ta 25 ta yarjejeniyar 1954 ta buƙaci a sanar da ita ga soja da farar hula tun ana zaman lafiya, alhali da Faransanci aka rubuta dokar 1997, kuma manomin da garmarsa ta ci karo da tulu ba ya karanta Faransanci. Fassara ta cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, da sanya ta cikin littattafan yaƙi da jahilci, aiki ne da masu nazarin harshe za su iya farawa ba tare da jiran wani taro ba.