Yadda Alƙalamin Tawada Ya Koma Kayan Ajiya

Alƙalami mai shan tawada, wanda ake ɗura wa tawada a cikinsa, shi ne abin rubutun ma'aikata da 'yan makaranta a Turai da Amurka har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Daga nan biro ya karɓe masa kasuwa. Sunan ma daga László Bíró ya samo asali, ɗan jaridar ƙasar Hangari da ya yi rajistar ƙirarsa a 1938. Da kamfanin Bic ya fito da nasa mai arha a 1950, sai masu ƙera alƙalamin tawada suka ga ba makawa su nemo wani dalilin da zai sa mutum ya sayi hajarsu, tunda buƙatar rubutu ta riga ta sami mai biya mata.

Kamfanin Parker na Amurka na cikin waɗanda suka fara gano mafita. Yana da wani alƙalami na azurfa mai suna Parker 75, wanda aka kwaikwayi zanen jikinsa, mai kama da gidan dara, daga akwatin sigarin Kenneth Parker. A 1965 sai kamfanin ya sayi azurfar da masu nutso suka tsamo daga jiragen ruwan Sifaniya, waɗanda guguwa ta nutsar a gaɓar Fulorida a watan Yulin 1715 bayan sun baro Habana maƙare da dukiya. Aka narkar da ita, aka ƙera alƙaluma 4,821. Na yau da kullum dala 25 ne, wannan kuwa dala 75, alhali ko kusa bai fi ɗan'uwansa iya rubutu ba. Rarar dala 50 kuɗin labari ne: shekara 250 da azurfar ta yi kwance a ƙarƙashin teku. Da dabarar ta karɓu, Parker ya maimaita ta a 1977 da tagullar jirgin Queen Elizabeth, wanda ya ƙone a tashar Hong Kong a 1972.

Kamfanin Montblanc na Jamus ne ya mayar da abin al'ada ta shekara-shekara. A 1992 ya buɗe jeri biyu, ɗaya na marubuta, ɗaya na masu ɗaure wa fasaha gindi. Na biyun ya fara da Lorenzo de Medici, jagoran birnin Fulorans a ƙarni na 15, aka taƙaita shi a guda 4,810, wato tsayin dutsen Mont Blanc a ma'aunin mita. Jerin marubuta kuwa ya fara da Ernest Hemingway, aka ɗauko siffar alƙalamin daga wani tsohon ƙirar kamfanin na shekarun 1930. A nan dangantakar ta fi ta Parker rauni. Azurfar Sifaniya tana jikin alƙalamin da gaske, shi kuwa Hemingway an fi saninsa da fensir da keken rubutu.

Wannan bai hana masu tarawa rububinsa ba, kuma yau farashinsa ya ninka na farko. Abin da suke dubawa shi ne lambar da aka zana a jiki, da akwatin asali, da takardar shaida. Mafi tsada a kasuwarsu shi ne wanda bakinsa bai taɓa shiga tawada ba.