Tukuba da Waya: Tarihin Gyaran Wurin Gashi a Ƙasar Ƙaraye

Wanda ya bi ta wurin masu nama a Ƙaraye ko Rogo da magariba, galibi abin da zai gani shi ne rabin duro ko ɗan ginin bulo, da garwashi a ciki, da waya a shimfiɗe a kai. Saboda sabo sai mutum ya zaci haka abin yake tun fil azal. Alhali kuwa ƙarfen nan baƙo ne, zuwansa kuma ya ɗora wa mai gashi wani aiki wanda kakanninsa ba su sani ba, watau kankara da yaƙi da tsatsa.

Abin gashi na asali a ƙasar Hausa shi ne tukuba. Tudu ne na ƙasa da toka, ana hura wuta a tsakiyarsa, a kakkafa tsinkayen tsire kewaye da ita, suna ɗan sunkuyo wa wutar. Bature mai yawon duniya Clapperton, wanda ya shiga Kano cikin watan Janairu 1824, ya ga irin wannan kusa da mahautar kasuwar birni. Ya bayyana wutar itace da tsinkaye kewaye da ita, da 'yan yankan tsoka da kitse a jere, ya kuma yaba tsabtar wurin. Wani abin lura a labarinsa shi ne mace ya ga tana raba wa masu saye, ga shi kuwa yau sana'ar tsire ta maza ce.

Tsabtar da ya yaba tana cikin ƙirar tukubar kanta. Nama ba ya taɓa kome sai tsinkensa. Maiƙon da ya narke yana gangarowa ya ɗiga a toka, toka ta shanye shi. Gyaran tukuba kuwa bai wuce a kwashe gawayin da ya mutu ba, a share kewaye da tsintsiya, a yayyafa ruwa, a daddaɓe tudun don tsinke ya sami wurin kamawa. Tokar jiya ita ce ginin yau, don haka tukubar da ta daɗe ta fi sabuwa riƙo. Har wa yau da tokar nan, a haɗa da yashi, ake dirje wuƙa da kwano. Yaron mai tsire da wannan aiki yake farawa, tun ba a yarda ya riƙe wuƙa ba, kuma mahauta duka suna ƙarƙashin idon Sarkin Fawa na garinsu.

Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai ƙarfen Turai ya fara yawaita, duro da garwar kananzir da waya, daga kantunan birni suka riƙa fita gundumomi irin ta Ƙaraye. Cinikin gyaɗa da ya bunƙasa daga 1912 ya sa kuɗi a hannun manoma, masu cin nama a kasuwa suka ƙaru. Waya ta dace da wannan zamani, gama tana ɗaukar balangu da kaza da kayan ciki gaba ɗaya, abin da tsinke ba zai iya ba. Amma fa ta zo da larurarta. Nama yana kwanciya a kanta, kitse da garin ƙuli-ƙuli su manne su ƙone, su zama baƙin ɓawo mai ɗaci. In an bar shi, naman gobe ya ɗauki ƙaurin na jiya, ƙuda kuma su sami wurin zama da rana. In an wanke da ruwa aka bari ba a busar ba, tsatsa ta ci. Dabarar da masu gashi suka zauna a kai ita ce a ɗora wayar a wuta mai ƙarfi har dattin ya ƙone, a kankare tana da zafi, sa'an nan a shafe ta da kitse ko man gyaɗa. Tokar da ta kasance abokiyar tukuba kuwa, a cikin duro maƙiyiya ce, domin in ta jiƙe da damina ita ke huda gindinsa. Tilas a kwashe ta kullum. A zamanin En'e ma'aikatan duba-gari suna zagaya mahauta da kasuwanni, suka zama ido na biyu bayan na Sarkin Fawa.

Makamashi ma ya sake. Waya ta fi son garwashi mai daɗewa marar hayaƙi, shi ya sa mai balangu ya shiga neman gawayin ƙirya, wanda dā maƙera suka fi nema, da itacen marke. Bayan da aka gama madatsar ruwan Challawa kusa da Ƙaraye a 1992, kifi ya yawaita, masu banda su ma suka shiga sahun masu bukatar waya da itace. Waya tasu ta fi saurin lalacewa, saboda ruwan kifi da fatarsa mai mannewa.

Duk da haka tukuba ba ta mutu ba. A kasuwannin ƙauye har yanzu akan sami mai tsire a durƙushe gaban tudunsa yana jujjuya tsinkaye, wani ma yana da waya a gefe don balangu, yana gyara kowanne da irin nasa gyaran.