Lamba 42: abin da sinima ta nuna da abin da ta bari

 Yau tarihin namu ya kai mu Amurka, wajen wani wasa da ba mu yi nan, wato besbol. Ɗaya na jefo ƙwallo, ɗaya na makarta da sanda, sai ya ruga da gudu. Ko ba ku san wasan ba ku biyo ni, labarin mutane ne.

A 1884 wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya buga a babbar gasar ƙasar. Bayan nan sai ƙofa ta rufe fiye da shekara 60. Abin lura, babbar gasar ba ta rubuta dokar hana baƙaƙe ba, masu ƙungiyoyi ne sunka haɗa baki, kowa ya yi shiru. Sai baƙaƙe sunka kafa tasu gasa a 1920, Rube Foster na gaba.

Ranar 15 ga Afrilu 1947, Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers mai lamba 42. Shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, ya gindaya mishi sharaɗi: ko an zage shi, kada ya rama. Ya fara gwada shi a Montreal ta Kanada a 1946. Ku sani Robinson ba mai sanyin rai ba ne, don a 1944, yana soja, ya ƙi komawa bayan mota yadda anka umurce shi, har anka kai shi kotun soja, ta wanke shi.

Fim ɗin "42" na 2013, inda marigayi Chadwick Boseman ya fito a matsayin Robinson, ya nuna wannan haƙuri da kyau. Akwai wurin da kocin Philadelphia, Ben Chapman, ke ta surfa mishi ashar saboda launin fatarshi, kuma hakan ya faru da gaske. Tun 1950 ma an yi wani fim da Robinson ya fito da kanshi.

Amma fa "42" ya tsaya ne a ƙarshen kakar 1947, cikin tafi da murna, kamar magana ta ƙare. Ina! Ƙungiyar Boston Red Sox ba ta sa baƙar fata ko ɗaya cikin fili ba sai 1959. Robinson ya rasu a 1972 bai ga baƙar fata na jagorancin ƙungiya a babbar gasar ba, sai 1975 anka samu. Gasar baƙaƙe kuwa ta durƙushe, don an kwashe gwanayenta, 'yan kallo sunka bi su.

Wani fim, "Fences" na Denzel Washington da ya fito a 2016, shi ya waiwayi waɗanda jirgi ya bari. Labari ne ƙagagge na tsohon gwanin besbol da shekaru sunka wuce ma kafin a buɗe ƙofa, ya ƙare da kwasar shara, baƙin cikinshi na cin iyalinshi. Irinshi na gaske akwai su. Josh Gibson ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin ranar Robinson. Sai a 2024 anka zuba sakamakonshi cikin kundin babbar gasar, sai ga shi kan gaba a matsakaicin bugu na duk tarihi.

To me ya shafe mu? Wariyar da babu ita a takarda ita ta fi wuyar cirewa, kuma mu ma mun san ta. Nijar ta mai da bauta laifi a 2003, amma sai da Hadijatou Mani, wadda shari'arta ta bi ta kotunan Konni, ta kai ƙara kotun CEDEAO kafin ta samu gaskiyarta a Oktoban 2008. Har gobe ana fasa aure a garuruwanmu da kalma guda, "asali", kuma ba wanda zai nuna maka inda anka rubuta hakan.

In kun samu "42" ku kalla da ɗiyanku, ku biyo da "Fences". Sannan ku gaya muna a ƙasa: a unguwarku, wa ake hana ma wuri ba tare da an faɗi dalili ba? Sai mun ji daga gare ku.