Fentin Mai a Gindin Dutsen Kagoro

Ina aji biyu na sakandare na fara ganin mutum ya jingine allo a bakin hanyar Kagoro yana ɗaukar surar dutse da fentin mai. Malaminmu ne na zane. Hunturu ne, hazo ya sauko, dutsen da muka sani baƙi ƙirin ya koma ruwan toka mai ratsin shuɗi. Ya matso fari da shuɗi da ɗan ja a kan guntun gilashi, ya cakuɗa da wuƙa, ya ɗaga ya gwada da sama, ya girgiza kai, ya sake. Ni ke riƙe da gwangwanin kananzir na wanke buroshi. Kafin la'asar ƙura ta manne wa aikin, don fentin mai sai ya kwana biyu uku bai bushe ba.

"Malam, ƙura ta ɓata shi," na ce.

"Bar ta, yaro. Ai ƙasar wurin ce."

Wannan sana'a baƙuwa ce a wajenmu. Abin da ƙasarmu ta gada yumɓu ne, shaida kuwa gumakan Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, da wani kan gunki na Jama'a da ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a 1943 bayan kan ya yi gadin gonar doya. Su ma Turawa ba su saki jiki da fita daji yin zane ba sai da aka ƙirƙiro bututun matso fenti a 1841.

Jirgin ƙasa ne ya buɗe mana ƙofa. Da Kafanchan ta zama mahaɗar dogo a 1927, mutanen kudu suka cika gari. Cikin 'ya'yansu akwai Uche Okeke, ɗan asalin Nimo, wanda ya yi firamare a St. Peter Claver ta nan garin. A 1956 ya baje zanensa a gidan tarihi na Jos, sannan ya shiga kwalejin Zariya, wadda sashenta na zane ya taso daga Ibadan a 1955. A 1958 shi da su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane, suna cewa a karɓi kayan aikin Bature amma ido ya tsaya a gida. Cibiyar Okeke ta Asele ma a Kafanchan ta fara kafin ta koma Nimo. Yana ci mini rai yadda matasanmu ke wucewa ta waɗannan tituna ba su taɓa jin sunansa ba.

Gaskiya Okeke ba a zanen duwatsu ya yi suna ba, layukan uli na Ibo ne suka ɗaukaka shi. Amma daga Zariyar nan aka yi ta yaye malaman da suka koya mana fita waje mu zauna mu duba. Har kudancin Kaduna ta samu nata farfesa a sashen, Jerry Buhari na Akwaya.

Yanzu fentin mai ya yi tsada, yara sun koma ɗaukar hoto da waya su kwafa a ɗaki. Waya ba ta kama jan furen gurjiya a cikin hazo, tana mai da shi ruwan goro. Ni dai da damina magangarar ruwa ta Matsirga nake zuwa da sassafe, in kafa allo nesa da feshin ruwa, in fara da sama tun hadari bai sauya wuri ba.