Yadda Mashayin Jinin Collinwood Ya Koma Kan Takarda

Tun da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, tsohuwar gardamar nan ta sake tashi: wa ke da ikon cewa ga abin da yaro zai kalla, ga wanda ba zai kalla ba? Ana yin ta a majalisun Kano, ana yin ta a wurin masu tura fina-finai a waya a Jega da Aliero, har ƙauyuka irin su Giwa Tazo ta shigo, domin yau wayar hannu ta kai kowane shiri ko'ina. Amurka ta yi irin wannan gardama shekaru saba'in da suka wuce, a kan mujallun labarin ban tsoro da ake zanawa. Yadda ta kaya a can ya cancanci a sani.

Asalin irin waɗannan labarai, na tsohon gida mai duhu da sirrin kakanni da matattu masu ƙin kwanciya, ana danganta shi da Ingila. Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto a 1764, Mary Shelley ta biyo da Frankenstein a 1818, Bram Stoker ya kawo Dracula a 1897. Daga littafi suka shiga majigi, daga majigi suka faɗa mujallun zane masu araha da yara ke saye da kuɗin tara.

A nan rigima ta soma. A 1950 kamfanin EC na William Gaines ya fara buga Tales from the Crypt da 'yan uwanta, cike da gawarwaki da jini, suka kuwa karɓu. Iyaye da malaman coci sun riga sun fusata da mujallun zane. Tun a 1948 an tara mujallun an cinna musu wuta a garuruwa irin su Binghamton ta jihar New York. Duk wanda ya tuna ƙona littattafan soyayya da aka yi a Kano a 2007, zamanin A Daidaita Sahu, ya san irin wannan yanayi. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafin da ya ɗora lalacewar tarbiyyar yara a kan waɗannan mujallu, kuma a watan Afrilun shekarar wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a New York ya saurari shaidu. Gudun kada gwamnati ta yi musu doka, masu buga mujallun suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority. Ƙa'idojinta sun hana zana mashaya jini, da matattu masu tafiya, da mutum mai rikiɗa ya koma kyarkeci. Mujallar da ba ta da hatimin hukumar, dillalai da yawa ba sa karɓarta. Kafin 1955 ta ƙare, mujallun ban tsoro na EC sun mutu. Sai a 2012 wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardun Wertham ta nuna cewa ya murɗe bayanan yaran da ya kafa hujja da su. Kasuwa guda aka rusa a kan shaidar da ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma wannan abu yana ci mini rai.

Amma akwai ƙofar da aka bari a buɗe. Kamfanin Dell bai shiga hukumar ba, yana cewa sunansa kaɗai ya isa shaida wurin iyaye. Da Western Publishing ya rabu da Dell a 1962 ya kafa Gold Key, shi ma ya ci gaba ba hatimi. Sana'ar Gold Key ita ce sayen izinin shirye-shiryen talabijin ya mai da su zane: The Twilight Zone, da shirin Boris Karloff, da The Munsters.

Sai shirin talabijin Dark Shadows. Dan Curtis ne ya ƙirƙiro shi, tashar ABC ta fara nuna shi ranar 27 ga Yunin 1966, kullum da la'asar daga Litinin zuwa Juma'a. Labarin zuri'ar Collins ne a katafaren gidansu, Collinwood, a wani ƙagaggen garin bakin teku a jihar Maine. Da farko bai samu masu kallo ba, har ana shirin tsayar da shi. A watan Afrilun 1967 aka shigo da Barnabas Collins, mashayin jini da aka buɗe akwatin gawarsa bayan kusan shekara 200, ɗan wasan Kanada Jonathan Frid ya hau matsayin. An yi niyyar ya yi 'yan makonni a kashe shi, sai ya zama shi ne shirin. Abin da ya ja mutane shi ne Barnabas yana ƙyamar halin da yake ciki. La'ana ce mayya Angelique ta ɗora masa bayan ya juya mata baya, yana cutar da mutane yana nadama. Bahaushen da ya taso da labarin wanda aka ce ya gaji maita ba da son ransa ba zai gane wannan tausayi nan take. Yara suka riƙa rugowa gida daga makaranta don kada ya wuce su.

A 1969 Gold Key ya fitar da mujallar Dark Shadows, da hoton Frid a bangon fitowar farko-farko, Joe Certa kuma yana zana cikin. Mashayin jini ne jarumin mujalla a daidai lokacin da kamfanonin Marvel da DC, masu ɗauke da hatimin hukumar, ba su da ikon zana shi. Sai a 1971 aka sassauta ƙa'idar, Marvel ta samu damar fitar da Tomb of Dracula a 1972. Shirin talabijin ya tsaya ranar 2 ga Afrilun 1971 bayan kashi 1,225, amma mujallar ta ci gaba har 1976, fitowa 35. Wato ta rayu kusan shekara biyar bayan uwarta ta kwanta dama.

Me ya raya ta? Wasu na cewa rashin abokin takara ne, tunda ita ba hatimi a wuyanta. Hakan ya buɗe mata hanya, gaskiya ne, amma bayan 1971 kowa ya samu izini, kasuwa ta cika da mashaya jini, ita kuwa ba ta faɗi ba. Wasu na cewa ingancin aiki ne. Wannan ma ban yarda ba. Masoyan shirin sun daɗe suna ƙorafin cewa Barnabas na Certa bai cika kama da Frid ba, labaran kuma sun yi nesa da na talabijin. Ni a ganina dalilin ya fi haka sauƙi. A wancan zamani babu bidiyo a gidaje. Kashin yau in ya wuce ka, ya wuce ke nan. Mujallar ce kaɗai abin da yaro zai riƙe a hannu, ya ɓoye ƙarƙashin matashi, ya karanta sau goma, ya ara wa abokinsa. Haka littattafan Kano suka yawata a shekarun 1990, hannu zuwa hannu, kwafi ɗaya ya zaga unguwa. Da shirin ya tsaya, buƙatar wannan abin riƙewa ƙaruwa ta yi.

Abin da ya biyo baya yana goyon bayan wannan fahimta. Da NBC ta farfaɗo da shirin a 1991 da ɗan wasa Ben Cross, labaran Yaƙin Gulf suka riƙa katse shi, ya tsaya a kashi 12. Kamfanin Innovation ya yi masa mujalla mai kyawun zane, amma a lokacin kaset ya shiga mafi yawan gidaje, kuma kamfanin ya durƙushe kafin a kammala labarin. Kamfanin Dynamite ya sake gwadawa a 2011, gab da fim ɗin Dark Shadows da Tim Burton ya yi a 2012, sai dai masu sayen a wannan karon manya ne da ke neman ƙuruciyarsu.

Abin da ke damuna shi ne namu. Muna da Dodo da fatalwa, da mutum mai rikiɗa kura, da aljanun kuka da tsamiya, labaran da kakanni a Maiyama da kewaye ke bayarwa da dare har yaro ya kasa fita fitsari. An mai da Magana Jari Ce wasan talabijin, an yi Samanja da Karkuzu, amma ɗalibin zane a yau zai sha wahala kafin ya samu waɗannan shirye-shirye cikakku, balle mujallar da ta adana su. Su kuwa can, Hermes Press ya tattara dukkan fitowar Gold Key 35 ya sake buga su a manyan kundaye tun daga 2010. Hukumar da ta haramta irin su Barnabas kuma ta watse a farkon 2011, lokacin da DC da Archie, na ƙarshe da suka rage mata, suka daina sa hatiminta.