Jitar da Aka Ƙera Domin Na Baya Su Ji



Duk wanda ya taɓa bin zumuntar matasa zuwa bishara a ƙauyukan gefen Kiyawa ko Birnin Kudu ya san wannan damuwa. An taru a gindin bishiya, babu wuta, ganguna sun ɗauka, mai jita kuwa hannunsa kawai ake gani yana motsi. Ko a cikin Dutse, sau nawa aka ɗauke wuta ana tsakiyar yabo, jitar lantarki ta koma itace kawai? Yanzu da muka tara kuɗin sabuwar jita, wasu sun kawo shawarar a nemi irin mai faifan ƙarfe a ciki, wadda Turawa ke kira resoneta, kuma mai haɗuwa da lantarki. Kafin a taɓa baikon jama'a, ya kamata mu san asalinta.

Damuwarmu ce ta haife ta. A shekarun 1920, a birnin Los Anjeles na Amurka, wani makaɗi mai suna George Beauchamp ya gaji da yadda ƙahoni da ganguna ke danne jitarsa. Ya kai kukansa wurin John Dopyera, mai gyaran kayan kiɗa, ɗan asalin ƙasar Sulobakiya, wanda iyalinsu suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1908. Dopyera ya lura fuskar katako ba ta girgiza sosai, sai ya ƙera siririn faifan alminiyon mai siffar mazurari, ya sa shi a cikin jitar, ya ɗora jakin da tsirkiyoyi ke hawa a kansa. Idan aka taɓa tsirkiya, faifan ya girgiza ya tura sauti waje kamar lasifika, ba tare da wuta ba. Dabarar ba baƙuwa ba ce a gare mu: ƙwarya da fata ne ke ba gurmi murya, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos kuma gwangwani ne cikinsa.

A 1927 kamfaninsu, National, ya fara sayar da mai faifai uku a cikin gangar jiki ta ƙarfe. Ba a daɗe ba Dopyera ya rabu da su, ya kafa Dobro tare da 'yan'uwansa. Sunan ya fito daga sunan gidansu, a harshensu kuma yana nufin alheri. Daga nan aka sami iri uku da ake ƙerawa har yau: mai faifai uku, wadda sautinta ke da laushi da jan lokaci, mai faifai ɗaya da ɗan katako zagayayye a samansa, mai kaifin murya wadda ke saurin yankewa, da irin ta Dobro, wadda jakinta ke zaune a kan ƙarfe mai ƙafa takwas kamar gizo-gizo.

Masu bishara na cikin waɗanda suka rungume ta. Gary Davis, makaho kuma mai wa'azi, yana waƙa a titunan Durham a jihar Karolina ta Arewa, kuma da jitar National ya yi faya-fayensa na farko a 1935. Rosetta Tharpe, wadda ta tashi tana bin mahaifiyarta tarurrukan farkawa na ikkilisiyar Church of God in Christ, ita ma ta riƙe irin wannan jita a farkon shahararta, wajen 1938. Mutane ne da ba su da lasifika, suna so na can baya ya ji saƙon.

Sai dai lantarki na tafe. Beauchamp ɗin nan ya haɗa kai da Adolph Rickenbacker, wanda ke yi wa National gangar ƙarfe, suka fitar da jitar lantarki kasuwa a 1932, shekarar da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Tharpe ma daga baya ta koma ta lantarki, resoneta ta ja baya. Amma muryarta ba ta da madadi, don haka maƙera suka haɗa biyun, faifai a ciki, na'urar ɗaukar sauti a jiki. A wurin da wuta ke zuwa ta tafi, amfaninta a fili yake.

Tarihin nan ya nuna wa masu zuwa sayayya, ko a Sabon Garin Kano ko ta hanyar aike daga Legas, abin da za su duba.

Da farko a kaɗa ta ba a jona ba. Idan muryarta ba ta cika shago ba, ba za ta cika fili ba. A taɓa kowace tsirkiya daga sama har ƙasa, a kasa kunne. Ƙarar zuzz ko kwaramniya alama ce faifan bai zauna daidai ba, ko ya lotsa, ko wani kusa ya saki. A tambaya yadda aka yi faifan: wanda aka murza a kan inji ya fi wanda aka danna da maƙera sirantaka da daɗin amo.

Na biyu, wuya. Akwai mai wuya murabba'i, wadda ake kwantarwa a cinya ana goga mata ƙarfe. Mawaƙanmu ba za su iya danna ta da yatsa ba, zagayayyen wuya muke bukata. A hango wuyan daga kai kamar mai duba miƙewar katako, a tabbata yana da sandar ƙarfe ta gyara a ciki, domin hunturunmu na busar da itace har ya lanƙwashe. A danna gaɓa ta 12: sautin ya zama daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai a sama.

Na uku, a jona ta. Na'urar maganaɗisu tsirkiya kawai take ji, don haka a lasifika za ta fito kamar kowace jitar lantarki. Na'urar da ke manne da jaki ita ce ke ɗauko muryar faifan. Wadda ke da duka biyun ta fi. A juya kowane maɓalli, a girgiza wayar a bakin rami, a ji ko tana tsartsatsi.

Na huɗu, gangar jiki. Ta ƙarfe ba ta tsagewa, amma tana da nauyi, tana ɗaukar zafi a ranar Afrilu, gumi kuma na sa ta tsatsa. Ta katako ta fi sauƙin ɗauka, tana son inuwa da jaka. Kowacce aka saya, ƙura ce abokiyar gabar faifan.

Abin da ya fi jan ido a jitar nan shi ne murfinta mai walƙiya, alhali murfin ba ya fitar da sauti. Faifan da ke aikin a ɓoye yake, ga shi siriri, yatsa ma na iya lotsa shi. Mu tuna 1 Sama'ila sura 16, lokacin da annabi ya ga Eliyab ya zaci shi ne zaɓaɓɓe saboda tsayinsa, Ubangiji kuwa ya nuna masa zuciya yake dubawa. Aka kira ƙaramin da ke kiwo, wanda daga baya kiɗan molonsa ya sanyaya ran Saul. Manzo Bulus kuma, a 1 Korintiyawa 13, ya kwatanta mai baiwa marar ƙauna da ƙarfe mai yawan ƙara. Mai riƙe jitar ƙarfe ya fi kowa bukatar jin wannan gargaɗi.

Dopyera ya ƙara wa jita murya ne don a ji ta tare da sauran kayan kiɗa. Idan tamu ta iso, kada ta danne muryar iyayenmu mata ko kalmomin waƙa. Mu yi wa kwamitin sayayya addu'ar hikima, mu kuma roƙi Ubangiji ya bincika abin da ke ƙarƙashin namu murfin. Amin.